Ƙoƙon Gwiwar Baƙuwa

Wata Jumma'a bayan la'asar, Mushe Isufu ya dawo daga Kance a kan kekensa, ya tura ƙofar ɗan ɗakin da ke bayan likita, wato ƙaramin asibitinmu, ya tarar da ƙugiya tana reto ita kaɗai. Mutumin da ke rataye a jikinta ya tafi.

Na ce mutum don haka muka saba faɗa, amma ƙasusuwa ne zalla, kwarangwal, an haɗa su da waya gaɓa-gaɓa tun daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa. Lokotoro, babban likita Bature na Damagaram, shi ne ya kawo shi cikin akwati, shekarar da aka fara cewa mata ma su fito jefa ƙuri'a. Aro ya ba Isufu, wanda ke yi mana allura da wankin miki, muke ce masa Mushe yadda ake ce wa 'yan boko, don ya haddace sunayen ƙasusuwa kafin wata jarrabawa da za ta ƙara masa girma. Mutanen Matameye suka raɗa masa suna Dogo. Ɗakin ba kwaɗo, sakata ce kawai ta waje, don ba wanda ya ga amfanin kulle abin da ko kaji ba sa raɓa.

Ni Baiwa, fura nake sayarwa a gindin tsamiyar da ke ƙofar likitar, kuma kunnena ya fi ludayina aiki. Daga inda nake zaune ina jin Isufu yana bita da safe kamar mai tilawa: "Femir. Tibiya. Kalabikil. Omoplat." Har na riƙe wasu. In mai gidana ya dame ni sai in ce masa kalabikil, ya wuni yana tambayar mutane ko zagi ne.

Ban da Isufu, mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin nan da ƙafarsa, shi ne Illa maɗori. Ɗori ya gada wurin ubansa, ya gyara karaya ba adadi, amma duk da hannu yake gani, ta saman fata. Ranar da ya fara haɗa ido da Dogo ya tsaya kallo har furar da ya saya ta tsinke a ƙwarya. Daga nan kullum yana wurin. Isufu ya taɓa ƙashi ya ce femir, Illa ya ce ƙashin cinya. Ya ce omoplat, Illa ya ce allon kafaɗa. Kalabikil, karankarma. Rotil, ƙoƙon gwiwa. Isufu ya nuna masa yadda gaɓa ke zaune a ciki, shi kuma ya nuna wa Isufu yadda ake jin ta a yatsa in ta goce.

Ana saura 'yan kwanaki abin ya faru, mutane na layin karɓar magani, ƙofar ɗakin a buɗe saboda zafi, sai Isufu ya ɗora hannu a ƙashin ƙugun Dogo ya ce, "Wannan basan. Ka ga faɗinsa, Baba Illa? Ka ga yadda ya buɗe kamar akushi? Na namiji ba ya haka. Dogon nan naku mace ce."

Layi ya kwashe da dariya. Alhaji Salisu mai kamiyo, wato babbar motar kaya, wanda ke jigilar gujiya zuwa Kano, ya ce in an ba shi ita zai kai ta can ya sa 'yan birni su yi layin kallo. Inusa boka ya tambaya, kamar da wasa, ko kan yana cirewa. Inna Kande, tsohuwar da ke yi wa matan garinmu wankan gawa, ta zo ne don maganin ido, ta leƙa ta ce, "Mace ce, kuma ba ko ɗan zane?" Aka ƙara dariya, kowa ya karɓi maganinsa ya tafi.

*

Kafin magariba ta ranar Jumma'ar nan gari ya gama shari'a. An ga Illa da hantsi a ƙofar ɗakin, burgaminsa na kayan ɗori a rataye a kafaɗa. Ba a gan shi a masallaci ba. An tuna ya taɓa roƙon Isufu ya ara masa kafaɗa ɗaya ya je gida da ita. Wata ta rantse ta san dama da abin da yake shafa wa karaya take haɗewa da wuri haka, ashe garin ƙashin mutane ne. Ita wannan matar ƙafar ɗanta ya gyara bara.

Washegari gardi, ɗan sandan gwamnati, ya je ya taho da Illa, aka sa shi a ɗakin da ke jikin zauren mai gari. Wata mata daga Icirnawa da ke jinyar mijinta a gidan Illa ta kwance karan ɗorin da hannunta, ta ɗora mijin a jaki, ƙafa na lilo, suka bar gari. Mai gari ya ce Lokotoro zai zo rangadi ranar kasuwa. In ba a ga ƙasusuwa ba kafin nan, motar da ta kawo Bature ita za ta tafi da Illa gidan kason Damagaram. Kuma ko an sako shi wata rana, wa zai sake miƙa ƙafarsa ga wanda aka ce yana daka ƙashin mutum?

Sai aka aika a kira Lawwali mai bin sawu.

Lawwali taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, saboda haka ina da izinin faɗar gaskiya a kansa. Dogo ne, busasshe, in ya tuɓe riga sai ka ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ba ya kallon fuskar mutum, ƙafa yake kallo. Ya san sawun kowane raƙumi tsakanin Tsauni da bakin iyaka, amma ya taɓa wuce surukarsa a hanya bai gaishe ta ba don ta saka sababbin takalma.

Da ya iso na ce, "Kai da aka aika neman kwarangwal, ka yi hankali kada su kama ka su rataye a madadinta."

Ya ce, "Ba ni fura, tsohuwar banza. In na mutu ke za ki fara kai labari, na sani."

Ya sha, bai biya ba, ya shiga ɗakin. Na bi shi da ƙwaryata a hannu kamar mai neman ciniki.

Wajen ƙofa ba abin gani, rabin gari ya tattake wurin. Ciki kuwa siminti ne. Lawwali ya tsuguna ya daɗe. A kan tebur akwai tarin waya da ƙananan kusoshi, an jera su a gefe ɗaya. Ya ɗauki waya guda ya juya ta.

"Mushe, kai ka tara waɗannan?"

Isufu ya ce, "Haka na same su."

"Ba a yanke ba. Warwarewa aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Aikin nan zai ci rabin wuni."

"Tun safe na fita. Ranar Jumma'a ba ma duba kowa."

Lawwali ya shafa simintin da tafin hannu. A tsakiyar ɗakin ya fi ko'ina tsabta, kamar an zuba ruwa an share. A cikin wata tsaga ya sa farce ya ƙwaƙulo wani koren abu, ya shinshina, ya ɗaure a bakin rawaninsa. Sannan ya kwanta rubda ciki ya miƙa hannu ƙarƙashin kabad ɗin magani, ya jawo wani ɗan ƙashi mai kamar ƙwallon goruba da aka fasa biyu.

Isufu ya karɓa ya ce, "Rotil. Ta hagu ce."

"Da Hausa, Mushe."

"Ƙoƙon gwiwa. Ba ya manne da kowa sai da waya. Ana warware ta zai faɗi ya gangara."

Lawwali ya ce, "Ajiye shi a aljihunka. Kada ka gaya wa kowa." Ya juyo ya dubi ƙafafuna. "Ke kuma, na san ba za ki iya ba, amma ki daure."

Na daure. Abin da na sha a kwanakin nan Allah kaɗai ya sani.

*

Lawwali ya je wurin Illa. Ni na kai wa gardi fura kyauta, shi ya sa aka bar ni a bakin ƙofa.

Illa na zaune a tabarma, hannuwansa a kan gwiwa. Mutum ne mai manyan yatsu, ban taɓa ganin su ba aiki ba sai ranar.

"Baba Illa, me ya kai ka likita ranar Jumma'a?"

"Mushe na je nema. Na manta ya ce zai tafi Kance."

"Ka buɗe ƙofa?"

"Na buɗe. Na gaishe ta, na rufe."

"Kana gaishe ta?"

"Tun da aka ce mace ce nake sallama kafin in shiga."

"Masallaci fa?"

"Wani Bafillace ya tare ni a hanya, sa ya take ɗan'uwansa a daji wajen ƙauyen Yauri. Na bi shi. Kafin in dawo an sauko. Su kuma sun tashi da shanunsu, ban san inda suka nufa ba."

Lawwali ya ce, "Ka taɓa cewa a ara maka kafaɗa."

"Na faɗa. Har yau ina so. Shekara da shekaru ina mayar da kafaɗa a makance, sai ga ta a fili." Sannan ya ce, "Lawwali, mutumin Icirnawan nan da matarsa ta ɗauke, ƙashin ƙwaurinsa bai kama ba. In wani zai bi ta can, a ce mata ta ɗaure ko da karan dawa ne."

A gefensa akwai akushi da sauran tuwo, miyar kuka da man shanu har yana kyalli. Lawwali ya tambayi gardi wa ke kawowa, tun da matar Illa ta rasu, 'ya'yansa kuma suna ci-rani a Kano. Gardi ya ce shi dai kullum yana tarar da shi a bakin zaure, an rufe da faifai.

*

Daga nan aka shiga yawon banza, wanda ni na fi jin daɗinsa.

Mai gari ya matsa a duba Inusa boka, saboda maganar da ya yi ta kai. Lawwali ya bi wani sawun jaki mai nauyin kaya daga bayan likita har bayan gidan Inusa, ya tsaya a kan wani rami da aka rufe ba da daɗewa ba. Mutane suka taru. Aka tona, sai ga ƙasusuwa fari tas. Mata suka fara salati. Inusa ya yi zufa har gemu.

Aka kira Isufu. Ya ɗaga ƙashi ɗaya ya gwada a cinyarsa, ya ɗaga muƙamuƙi mai tsawon damtse ya nuna wa jama'a.

"In wannan ne femir ɗin Dogo, to da ƙafa huɗu take tafiya. Jaki ne."

Ashe jakin maƙwabcinsa ne da ya ɓata tun kaka. Abin da Inusa ya yi da naman, da waɗanda suka ci a matsayin maganin ƙarfin maza, wannan wani labari ne, kuma na san sunayensu duka.

Sai aka koma kan Alhaji Salisu, don yaran kamiyonsa sun ce akwai wani dogon akwati a ƙarƙashin buhunan gujiya da ya hana kowa taɓawa. Alhaji ya rantse, ya yi fushi, ya ce shi mutum ne da ya taka Arfa. Gardi ya sa aka sauke buhuna. Da aka ɓalle akwatin sai ga turamen atamfa da ba su gaisa da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito a bakin iyaka ba. Alhaji ya ce a rufe, a rufe, kowa ya zo gida anjima a gaisa. Matar gardi ta yi sabon zane a satin nan.

Duk wannan Lawwali yana tsaye gefe yana sakace haƙori. Na lura bai ko leƙa cikin akwatin ba.

*

Ana gobe kasuwa, da rana tsaka, ya zo gindin tsamiya ya zauna a kan turmina.

"Baiwa, wa ya mutu ranar Jumma'a?"

"Ba kowa. Da an mutu da na sani kafin mai shi."

"Alhamis fa? Ko a ƙauye?"

"Tun tsohon nan na unguwar mahauta ba a fita da kowa ba."

Ya kwance bakin rawaninsa ya nuna min koren abin nan. Ya bushe, amma na gane shi. Dakakken ganyen magarya ne, irin wanda ake zubawa a ruwan wankan mamaci.

Ya ce, "Ɓarawo sauri yake yi. Da mai sayarwa ne, da ya naɗe ta a tabarma yadda take, don a haɗe ta fi daraja. Da boka ne, da ya cire kai ya bar saura. Da Illa ne, da wayar ma zai tafi, don haɗin yake son gani. Wannan kuwa ya zauna ya kwance kowane ƙulli, ya bar ƙarfen Bature a kan teburin Bature, ya yi wanka da magarya, ya share wuri. Mun yi ta tambaya wa ba ya tsoron ta a garin nan, muna ta lissafa maza."

Na ajiye ludayi. Abin ya zo min har bakin harshe.

Ya ce, "Kada ki faɗa. Ba ni da sawu ko ɗaya. In na je na tambaya aka ce a'a, shi ke nan, gobe Illa ya hau mota. Yanzu dai ga aikinki. Maganar ƙoƙon gwiwar nan da na ce ki riƙe, sake ta. Ki ce an tsinci ƙashi guda da ɓarawo ya yar, gobe da safe za a nuna shi a ƙofar mai gari, daga nan Bature ya sa a aljihu ya tafi da shi."

Ban taɓa samun aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Na fara da bakin rijiya, na bi ta wurin masu surfe, na ƙarasa gidan kitso. Kafin la'asar wata ta tare ni ta ba ni labarin, har da ƙarin cewa ƙashin yana motsi.

*

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari. Mai gari ya zauna, Liman na gefensa. Aka fito da Illa. Aka zaunar da Inusa da Alhaji Salisu, kowanne na kallon wani wuri daban. Lawwali ya ce a kira duk wanda ke layi ranar da Mushe ya ce Dogo mace ce, don shaida, saboda haka mu mata muka zauna daga baya. Inna Kande na can ƙarshe, ta lulluɓe har hannuwa duk da zafin da ake yi.

Lawwali ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya ce Inusa jaki ya sata, ba mutum ba. Ya ce Alhaji kayansa ba su da ƙashi. Ya ce Illa kuwa ba shi da mai shaidarsa sai Fulanin da suka tashi, don haka in ba wani abu ya fito ba, shi ne mai tafiya.

Sannan ya ce, "Mushe, kawo."

Isufu ya zaro ƙoƙon gwiwar ya ajiye a tsakiyar tabarma. Ɗan abu ne, ko tafin hannu bai cika ba. Maza suka miƙa wuya. Lawwali ya ce kowa ya matso ya duba da kyau, ya ɗauka ya juya, ko wani zai tuna inda ya ga 'yan'uwansa. Inusa ya ɗauka ya auna nauyinsa. Alhaji ya taɓa da bakin sandarsa, abin ya gangara ya kife a ƙasa. Gardi ya sa ƙafa zai turo shi.

"Kai, ɗauke ƙafarka."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Inna Kande ta taso ta ratsa maza, ta tsuguna, ta ciro wani farin ƙyalle daga ƙugunta da hannun hagu ta rufe ƙashin. Ƙyallen sabo ne, an yanka shi daidai girman abin. Da shi ta fito daga gida.

Mai gari ya ce, "Inna, ke ce?"

"Ni ce. Na ƙirga ta da kyau, na ga kamar gwiwa ɗaya ba ta cika ba, na ce ko haka Allah ya yi ta. Idona ba ya gani sosai."

"Ina kika kai ta?"

"Inda ake kai mutane."

Liman ya ce, "Inna Kande, ba mu san ko musulma ce ba."

"Ban tambaye ta ba, Malam. Na dai ga 'yar mutane a tsaye tsirara, an soke ta da ƙarfe, maza na shiga suna nuna ƙugunta da yatsa. Baƙuwa ce, ba ta da kowa a garin nan. Duk macen da ta mutu a Matameye ni ke rufa mata asiri. Na wanke uwarka, na wanke uwar mai gari. Wannan don ba ta da nama sai in bar ta?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Inna Kande ta ce a masaki ta ɗauke ta, ta rufe da faifai, ta bi ta tsakiyar gari ana sallar Jumma'a. Mutum biyu ma sun yi mata sannu da kaya.

Mai gari ya ce, "Kina ji aka kama Illa, kika yi shiru."

A nan ne kawai muryarta ta sauka. "Na so ƙasa ta kwanta tukuna, kada a tone ta. Na ce in mota ta zo zan fito. Tuwon da nake aika masa ba ya wanke ni, na sani." Ta juya wajen Illa. "Ka yafe ni, ɗan nan."

Illa kuwa hannunta na dama yake kallo, wanda mayafi ya zame daga kansa da ta tsuguna. Ya kumbura tun daga wuyan hannu har yatsu, ya yi baƙi.

"Inna, yaushe wannan?"

"Wurin haƙa. Hauya ta ci saiwa, na faɗi a kansa."

"Shi ne kika zauna da shi kwana da kwanaki?"

"Wurin wa zan kai? Mai gyarawa na sa an kulle."

*

Lokotoro ya iso da hantsi, wuyansa ja kamar gauta. Isufu ya yi masa bayani da Faransanci, mu muna kallon yadda jan ke hawa har kunne. Ya ce a tono masa kayansa. Mai gari ya dubi Kande, Kande ta ce ita tsohuwa ce, ta manta wurin. Aka dubi Lawwali.

Lawwali ya ɗauki sandarsa, Bature da gardi na biye, ya bi hanya har bakin gari yana duban ƙasa. Can ya tsaya, ya zagaya, ya dawo ya ce shanu sun bi ta kai, sawu ya ɓace. Mutumin da ya taɓa bin ɓarawon akuya har cikin ƙasar Daura bayan an yi ruwa. Gardi ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna uwarsa ta tsufa, kuma Kande ce za ta wanke ta. Ya rufe.

Bature ya yi faɗa iyakar faɗa, yawanci a kan Isufu da rashin kwaɗo. Amma bai ga yadda zai rubuta wa na gaba da shi cewa ya ɗaure tsohuwa mai karyayyen hannu don ta binne mamaci ba. Aka zuba masa wayarsa da kusoshinsa a gwangwani, ya sa a mota. Kujerar da aka tanadar wa Illa, gwangwanin ne ya zauna a kai.

Mutane ba su watse ba, don a nan kan tabarmar mai gari Illa ya ce a kawo masa kara da tsumma. Ya zauna gaban Kande ya karɓi hannun, ya bi shi da babban yatsa a hankali, ya tsaya a wuri ɗaya.

"Mushe, zo ka ji. Nan."

Isufu ya taɓa. "Radiyus. Ya karye daga ƙasa, kusa da gaɓa."

"To riƙe min gwiwar hannun. Inna, ki yi haƙuri, ya fara kamawa a karkace, sai na ja."

Ya ja. Mu da ke baya muka ji ƙarar. Hawaye ya zubo wa Kande, ta goge da mayafi. Ya jera kara ya ɗaure, ya tofa abin da ubansa ya koya masa. Matar nan da ta ce yana daka ƙashin mutane ita ta riƙe masa tsumma, tana cewa ita dama ta san ƙarya ake yi masa. Washegari aka ga jakin Icirnawa a ƙofar gidansa, da mijin, da ƙafar.

Isufu kuwa ya rasa abin bita, jarrabawa na matsowa. Ni na ba da shawara, kuma ba a taɓa gode min ba. Kullum da safe sai Lawwali ya zo ya tuɓe riga ya tsaya a ƙarƙashin ƙugiyar nan, Isufu na bin sa da yatsa, kalabikil, omoplat, Illa na fassarawa, ni ina ba shi fura don kada ya gudu, amma ba da yawa ba, kada ya yi ƙiba ya ɓata karatu. Isufu ya ci jarrabawarsa.

Ƙoƙon gwiwar fa? Da taro ya tashi ranar nan, Kande ta ɗauke shi a cikin ƙyallensa da hannunta mai lafiya, ta nufi bayan gari ita kaɗai. Ƙasa a share take, iska ba ta motsi, sawunta na fitowa ɗaya-ɗaya kamar an zana. Na zunguri Lawwali na ce ga shi nan a fili, ko makaho ya bi.

Ya juya wa hanyar baya, ya miƙo min ƙwarya.

"Ƙaro fura, Baiwa. Yau idona ba ya gani."